Ciwon daji, raunin garkuwar jiki da cututtukan da ake ɗauka daga dabbobi: tambayoyi da amsoshi

Mai jinyar ciwon daji ya saba jin likitoci suna ja masa kunne kan cunkoson jama'a, wanke hannu da zazzaɓi. Abin da ba a cika ɗauko zancensa ba shi ne dabbobin da yake zaune da su ko yake aiki a cikinsu. Akwai bakteriya da ke zaune lafiya lau a bakin kare, a faratan kyanwa, a kashin doki ko a ɗanyar madara, waɗanda ba kasafai suke kayar da mai ƙoshin lafiya ba, amma sukan yi mummunar ɓarna ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Cututtukan nan ba su da yawa, kuma rashin yawan ne ke sa a makara wajen gane su.

Me ya sa mai ciwon daji ya fi sauran mutane shiga wannan haɗari?

Garkuwar jiki sassa ce daban-daban, kuma kowane ciwo ko magani da sashen da yake taɓawa. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, su ne ke fara kai ɗauki duk inda bakteriya ta shiga. Maganin kemo, wato magani mai ƙarfi da ake kashe ƙwayoyin ciwon daji da shi, yana karya yawansu, galibi sukan kai ƙarshen raguwa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan zagayen magani. Idan suka yi ƙasa da 500 a mikrolita ɗaya na jini, ƙaramin ƙwarzane ma yana iya zama babbar magana.

Akwai kuma ƙwayoyin limfosait, waɗanda ke taimakawa wajen zaƙulo bakteriyar da ke ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum. Su ne ciwon dajin jini da na kaluluwa suke raunanawa, haka ma daɗewa a kan magungunan siteroyid da dashen ɓargo. Wannan sashe ya fi shafar zancenmu, domin da yawa daga cikin bakteriyar dabbobi, irin su Listeria, Brucella, Salmonella, Coxiella da Rhodococcus, masu ɓuya ne irin wannan. Sai saifa, wadda ke tace jini. Wanda aka cire masa ita, ko gashin da ake yi wa ciwon daji da na'ura ya kashe mata aiki, bakteriya na iya mamaye jininsa cikin sa'o'i. Sai fata da naman cikin baki da hanji, waɗanda magani ke sa su salaɓewa, ga kuma bututun da ake dasawa a jijiya don ba da magani, wanda shi ma hanya ce ta shiga jini kai tsaye. Shi ya sa mutum biyu masu ciwon daji iri ɗaya ba lallai haɗarinsu ya zo ɗaya ba.

Cututtukan nan suna yawan faruwa ne?

A'a. Yawancin cututtukan da ke kama mai kemo daga jikinsa suke fitowa, wato bakteriyar hanjinsa da fatarsa, irin su E. coli, Klebsiella da Staphylococcus. Na dabbobi kaɗan ne a cikin lissafi. Abin da ya sa suka cancanci a tsaya a kansu shi ne sukan yi kama da wasu cututtuka, har da ciwon dajin kansa, kuma wasunsu ba sa jin magungunan da aka saba fara ba mai zazzaɓi.

Kare bai cije ni ba, lasa kawai ya yi. Akwai matsala?

Galibi babu, amma ya danganta da inda ya lasa da kuma halin da jikinka yake ciki. A bakin karnuka akwai bakteriya mai suna Capnocytophaga canimorsus, wadda aka fara ba da rahoton cutarwarta ga mutum a 1976. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce har kashi 74 cikin 100 na karnuka da kashi 57 na kyanwoyi na iya ɗauke da dangin wannan bakteriya a bakinsu, kuma ba ta sa su rashin lafiya. Cizo ne babbar hanyarta, amma yawu a kan miki, tsagewar fata ko bakin bututun jijiya ya isa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne marar saifa, sai mai ciwon hanta, mai yawan shan barasa da mai shan siteroyid. Alamu kan bayyana cikin kwana 3 zuwa 5, ko da yake suna iya jinkirtawa har mako biyu: zazzaɓi, amai, gudawa, ciwon jiki, ruɗewa, da wasu tabo masu duhu a fata. Idan ta yi tsanani jini kan daina isa yatsun hannu da ƙafa, har ta kai ga yankewa. Kusan mutum 3 cikin 10 da ta yi wa mummunan kamu suna mutuwa. Abin takaicin shi ne bakteriya ce mai jin magani, dangin penisilin ma suna kashe ta. Makara ce ke kisa. Sau da yawa wurin cizon ya riga ya warke ko bai nuna komai ba, majiyyaci ya manta, likita kuma bai tambaya ba.

To kyanwa fa?

Kyanwa tana da haɗari iri biyu, ɗaya mai sauri, ɗaya mai tafiyar hawainiya.

Mai saurin ita ce Pasteurella multocida. Haƙoran kyanwa sirara ne masu tsini, suna huda nama su kai kusa da ƙashi ko gaɓa, sai bakin ramin ya rufe da bakteriyar a ciki. Kafin awa 24, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zogi. A jikin mai raunin garkuwa takan wuce cikin jini, huhu ko ƙashi. Ga wani abu da ya kamata a sani: wasu magungunan da aka saba bayarwa don ciwon fata, irin su sefaleksin da kilindamaisin, ba sa yi mata aiki sosai. Haɗin amoksisilin da kilabulanet, wanda aka fi sani da Augmentin, shi ne zaɓin da aka saba yi. Idan ba a faɗa wa likita cewa cizon kyanwa ne ba, yana iya rubuta maganin da ba zai yi ba.

Mai tafiyar hawainiyar ita ce Bartonella henselae. Ƙuma ce ke yaɗa ta tsakanin kyanwoyi, kashin ƙumar ya maƙale a farata, yakushi ya shigar da shi fata. 'Yan kyanwa da ba su kai shekara ɗaya ba sun fi ɗauke da ita. Mai lafiya kaluluwarsa ce kan kumbura bayan mako ɗaya zuwa uku, ta sauka da kanta cikin 'yan watanni. Mai raunin garkuwa kuwa yana iya samun ƙuraje jajaye ko masu ruwan hanta da ke saurin zubar da jini, da ƙulle-ƙullen jini a hanta da saifa, ko ciwon bawul ɗin zuciya. An fara bayyana wannan nau'i na fata a 1983 a jikin mai cutar ƙanjamau. Yana kama da ciwon dajin fata da ake kira Kaposi, kumburin kaluluwar kuma a hoto yana iya zama tamkar limfoma ce, wato ciwon dajin kaluluwa, ta dawo. A ganina wannan ne ya fi tayar da hankali a duk zancen: a gaya wa mutum ciwonsa ya dawo, alhali abin da ke damunsa zai warke da doksisaikilin ko eritromaisin na wata uku ko fiye. Gutsuro nama a gwada shi ne ke raba gardama.

Mahaifina yana jinyar ciwon dajin jini, an ce ya kamu da tarin tibi, amma magani bai yi masa ba. Yana iya zama wani abu dabam?

Yana iya zama, kuma ya kamata ki nemi a sake gwaji. Dalilan da suka fi yawa su ne tibi mai bijire wa magani ko cutar fungas a huhu, amma akwai biyu daga dabbobi da suka cancanci a tuna da su.

Ta farko Rhodococcus equi ce. An fara gano ta a Siwidin a 1923 a jikin duƙusan dawakai masu ciwon huhu, an kuma ba da rahoton kamuwar mutum na farko a 1967. Tana zaune a ƙasar da ta gauraya da kashin dawakai da sauran dabbobi masu cin ciyawa, ana shaƙar ta a ƙura. Da yawa daga cikin waɗanda ta kama ba su tuna sun kusanci doki ba. Tana kawo tari na makonni, zazzaɓi, rama, wani lokaci tofar da jini, hoton ƙirji ya nuna rami a huhu, daidai yadda tibi ke yi. A ƙarƙashin madubin gwaji ma tana iya riƙe launin da ake gane tibi da shi. Ɗaya daga cikin magungunan tibi, rifamfisin, yana ɗan taɓa ta, saboda haka majiyyaci na iya samun sauƙi na ɗan lokaci, abin ya ƙara rikita kowa. Jinyarta tana buƙatar magani biyu ko uku a haɗe na tsawon watanni, kuma akan duba ƙwaƙwalwa don takan tara mugunya a can.

Ta biyu Mycobacterium bovis ce, tibin shanu, wadda ake ɗauka musamman ta ɗanyar madara. Tibi ce ta gaske, sai dai a halittarta ba ta jin firazinamid, ɗaya daga cikin magunguna huɗu na farko, don haka jinyarta kan ɗauki wata 9 maimakon 6.

Me ya sa asibiti ke daɗewa bai gano su ba?

Dalilai uku ne ke haɗuwa. Wasu, kamar Capnocytophaga da Brucella, suna jinkirin tsiro a kwalbar gwajin jini. Wasu, kamar Coxiella da Chlamydia psittaci da ake ɗauka daga tsuntsaye, ba sa tsiro a gwajin da aka saba yi kwata-kwata, sai an nemi gwaji na musamman mai neman ƙwayar halittarsu ko martanin jiki gare su, kuma mai raunin garkuwa ba lallai jikinsa ya nuna martanin ba. Wasu kuma suna tsiro, amma sai a ɗauke su a matsayin dattin fata da ya shiga kwalba. Hakan na faruwa da Rhodococcus da Listeria.

Sannan ga batun magani. Mai kemo da ya zo da zazzaɓi akan fara masa magani mai faɗi nan take, kuma haka ne daidai. Amma dangin sefalosforin, irin su seftriyakzon da sefefim, ba sa kashe Listeria, ampisilin take ji. Erysipelothrix, wadda ake samu daga kifi da aladu, ba ta jin bankomaisin, maganin da ake yawan dogara da shi, alhali penisilin na kashe ta. Jimla ɗaya daga bakin majiyyaci game da dabba tana iya sauya gwajin da za a nema da maganin da za a ƙara.

Wane abinci ne ya fi haɗari?

Ɗanyar madara da duk abin da aka yi da ita ba tare da dafawa ba, musamman cuku mai laushi. Ita ce hanyar Brucella, Listeria, Salmonella, Campylobacter da tibin shanu. Ɗumama madara a digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, shi ne abin da masana'antu ke yi. A gida tafasawa ta wadatar.

Listeria monocytogenes tana da wata ɗabi'a da ta bambanta ta: tana ci gaba da hayayyafa a sanyin firiji. Abincin da aka dafa aka ajiye kwanaki, yankakken nama mai sanyi da kifin da aka yi wa hayaƙi mai sanyi duk suna iya ɗaukar ta, don haka a sake ɗumama su har su yi tururi. Tana iya ɗaukar makonni, har kwana 70, kafin ta nuna, kuma ga masu ciwon dajin jini takan zo a matsayin sanƙarau ko cutar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda ta yi wa irin wannan kamu suna mutuwa.

Brucella, wadda David Bruce ya gano a tsibirin Malta a 1887, tana kawo zazzaɓi mai zuwa ya tafi, zufar dare da ciwon baya, alamun da za a iya jingina wa limfoma cikin sauƙi. Ɗanyen ƙwai, naman da bai dahu ba da ɗanyen abincin teku su ma a bar su. Wanda aka yi wa ƙarin jini da yawa har sinadarin ƙarfe ya taru masa yana da haɗari na musamman daga Yersinia, wadda ta fi zuwa ta naman alade da bai dahu ba.

Ban taɓa kowace dabba ba. Zan iya kamuwa?

Ƙwarai. Misali mafi bayyana shi ne zazzaɓin Q, wanda Coxiella burnetii ke kawowa. An fara lura da shi a 1935 a tsakanin ma'aikatan mayanka a Ostareliya. Bakteriyar tana fita da yawa a mabiyiya da ruwan haihuwar awaki, tumaki da shanu, ta bushe, iska ta kwashe ta ta yi tafiyar kilomitoci. Tsakanin 2007 da 2010 ƙasar Holan ta samu ɓarkewar da ta kama mutum sama da 4,000, kuma da yawansu ba makiyaya ba ne, maƙwabtan gonakin awaki ne kawai. Ga mafi yawan mutane zazzaɓi ne da ke wucewa, amma ga mai raunin garkuwa ko mai matsalar bawul ɗin zuciya yana iya zama ciwo mai ɗorewa da ke buƙatar magani na aƙalla wata 18.

Haka ma busasshen kashin aku, tantabara ko kaji na iya ɗauke da Chlamydia psittaci mai kawo ciwon huhu, ruwan da fitsarin ɓera ya shiga kuma na iya ɗauke da Leptospira.

Kunkuru, kifin ado da 'yan tsaki fa?

Kunkuru, ƙadangare, maciji, kwaɗo da 'yan tsaki suna ɗauke da Salmonella ko da sun yi kyan gani. Tun 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba saboda wannan. Majiyyaci ya nisance su baki ɗaya. Tankin kifi yana iya ɗauke da Mycobacterium marinum, mai kawo ƙulli a hannu da ke hawa dantse a hankali; wani ya riƙa wanke tankin.

Wajibi ne in rabu da dabbar da nake ajiye da ita?

A mafi yawan lokuta ba wajibi ba ne. Kare ko kyanwa babba, mai lafiya, da aka daɗe da ita a gida, haɗarinta kaɗan ne, kuma ga mutumin da jinya ta raba da aiki da mutane, ɗebe kewar da take yi masa ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ake so shi ne sauya yadda ake zama da ita. Kada ta lashi fuska, miki ko bututun jijiya, kada kuma ta kwana a gadon majiyyaci. A daina wasan da ke kai ga cizo ko yakushi. Wani ya ɗauki aikin kwashe kashi, kullum. Idan babu kowa, a sa safar hannu a wanke hannu bayan nan. Kada a ciyar da ita ɗanyen nama. A yi maganin ƙuma da kaska a kai a kai. Idan ta fara gudawa ko tari, wani ya kai ta wurin likitan dabbobi, majiyyaci ya ja da baya har ta warke.

Sabuwar dabba ce ba a so a lokacin jinya mai ƙarfi, musamman kwikwiyo, 'yar kyanwa ko wadda aka tsinto. Bayan dashen ɓargo akan ba da shawarar a jira wata 6 zuwa 12.

Gwada karen don Capnocytophaga ko kyanwar don Bartonella ba shi da amfani sosai, domin sakamakon yau ba ya ba da tabbacin gobe.

Sana'ata ita ce kiwo ko fawa. Yaya zan yi?

Wannan ya fi wuya, domin ba kowa ke da halin ajiye abin da yake ci da shi ba. Idan dole ne a zaɓa, a fara barin ayyuka mafi haɗari: karɓar haihuwar dabba, taɓa mabiyiya ko ɗan da aka yi ɓari, share busasshen taki, da fiɗa. A makonnin da ƙwayoyin jini suka yi ƙasa a bar aikin gaba ɗaya in da hali. Sauran lokuta a sa safar hannu, takalmi mai rufi da takunkumi, a rufe duk wani rauni, a yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi. Ka tambayi likitanka ranakun da jininka zai fi yin ƙasa, ka tsara aikin a kansu.

Idan dabba ta cije ni ko ta yakushe ni, me zan yi?

Wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ka je asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Ga mai raunin garkuwa ko marar saifa akan ba da maganin kariya na kwana 3 zuwa 5 tun kafin wurin ya nuna alama. Za a duba batun allurar tetanus da ta haukan kare. Idan penisilin ba ya karɓar ka, ka faɗa. Kada ka sha ragowar maganin da ke gida.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Zafin jiki da ya kai digiri 38.3 sau ɗaya, ko 38 na tsawon awa guda, a jikin mai kemo, gaggawa ce, dare ko rana. Ana so a fara magani cikin awa ɗaya da isa asibiti. Haka rawar ɗari, ruɗewa, sanƙarewar wuya, haki, tabo masu duhu a fata, ko jan da ke yaɗuwa daga rauni. Siteroyid da farasitamol suna iya ɓoye zazzaɓi, saboda haka a auna zafi kafin a sha, kuma idan jiki ya mutu ba zato a je ko da ma'auni bai nuna komai ba.

Me zan faɗa wa likita?

Duk dabbar da ke gidan ko wurin aiki, da shekarunta in an sani. Duk cizo, yakushi ko lasa a makonnin baya, ko da ya warke. Ko wata dabba ta yi rashin lafiya, ta haihu, ta yi ɓari ko ta mutu. Ɗanyar madara ko naman da bai dahu ba. Aikin gona, taki ko shiga ruwa. Kada a jira sai an tambaya. Idan ana zargin Brucella, sanar da ɗakin gwaji yana kare ma'aikatansa, domin tana cikin cututtukan da suka fi kama masu gwaji.

Zan iya sa wa iyalina?

Yawancinsu ba sa bi daga mutum zuwa mutum. Salmonella da Campylobacter na iya bi ta hannun da ba a wanke ba, tibin shanu kuma ta tari idan yana huhu.

Akwai allurar rigakafi?

Ga mutane, kusan babu. Ostareliya tana da rigakafin zazzaɓin Q ga masu aiki da dabbobi, amma bai yaɗu a duniya ba. Yi wa dabbar rigakafi yana da amfani, da sharaɗi ɗaya: rigakafin tarin karnuka da ake ɗigawa a hanci ko baki yana ɗauke da rayayyiyar Bordetella bronchiseptica da aka raunana, 'yar'uwar bakteriyar tarin shiƙa. Kada majiyyaci ya riƙe karen lokacin ɗigawa, kuma a tambayi likitan dabbobi ko akwai nau'in allura.

Bayan an gama jinya, yaushe haɗarin ke wucewa?

Ya danganta da sashen garkuwar da aka taɓa. Nutrofil kan dawo cikin 'yan makonni bayan zagayen kemo na ƙarshe. Bayan magani irin rituksimab, wanda ake ba masu limfoma, ƙwayoyin da ke samar da sinadaran kariya kan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin su farfaɗo. Bayan dashen ɓargo daga wani mutum ana iya kai shekara ɗaya ko biyu, fiye da haka ma idan har yanzu ana shan magungunan danne garkuwa. Wanda aka cire wa saifa kuwa haɗarinsa na har abada ne: ya riƙa yawo da takardar da ke nuna ba shi da ita, kuma duk cizon kare ko kyanwa ya kai shi asibiti a ranar, ko da shekara ashirin ta wuce da warkewar ciwon dajin.